Karatun Mai Hidima: Littattafan da Za a Fara da Su Bisa Tsarin Katolika

Abin da mai hidima yake karantawa a ɗakinsa, shi yake fitowa daga bakinsa ran Lahadi. Fada, ko katekis, ko ɗalibin tauhidi da ya daina karatu ba ya daina wa'azi, sai dai ya riƙa maimaita abin da ya ji, ko ya ɗauko duk abin da aka turo masa a waya. Kuɗin littafi kuwa kaɗan ne, lokaci ma haka. Saboda haka a wannan darasi za mu duba yadda Ikkilisiyar Katolika take jera littattafai bisa matsayinsu, da waɗanda ya kamata a fara saya.

1. Littafi Mai Tsarki

Shi ne farko, babu kuma wanda zai ɗauki matsayinsa. Na Katolika yana da littattafai 73, wato 46 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabon Alkawari, na yawancin sauran ikkilisiyoyi kuwa 66. Bambancin littattafai bakwai ne: Tobit, Yudit, Hikimar Sulemanu, Sirak, Baruk, da Makabi na ɗaya da na biyu, tare da ƙari a cikin Esta da Daniyel. Suna cikin tsohuwar fassarar Helenanci da Kiristocin farko suka yi amfani da ita, Majalisar Tirent kuma ta tabbatar da jerin a 1546. Akwai bugun Hausa mai ɗauke da su. Kowane mai hidima ya san wannan tarihi, domin ko ba daɗe ko ba jima wani zai tambaye shi dalilin bambancin.

A karanta shi da addu'a. Wani ɗan zuhudu mai suna Gigo ya tsara matakai huɗu a ƙarni na 12: karatu a hankali, bimbini, addu'a, da natsuwa a gaban Allah. Wanda yake buɗe Littafi don neman ayar wa'azi kaɗai yana ciyar da wasu, shi yana kwana da yunwa.

2. Koyarwar Ikkilisiya

Katekisim na Ikkilisiyar Katolika, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a 1992, yana da sassa huɗu: bangaskiya, sakramenti, rayuwa cikin Almasihu, da addu'a. Sakin layinsa 2,865 ne, kowanne da lambarsa, don haka ana neman batu a cikinsa kamar yadda ake neman aya. Wanda ya ga ya yi masa girma ya fara da taƙaitaccensa na 2005, mai tambayoyi da amsoshi 598.

Daga takardun Majalisar Batikan ta Biyu muna ba da shawarar biyu, dukansu na 1965. Dei Verbum tana bayyana yadda Nassi da koyarwar da aka gada daga manzanni suke tafiya tare, tana kuma koya wa mai fassara ya lura ko abin da yake karantawa tarihi ne, ko annabci, ko waƙa. Nostra Aetate gajeruwa ce ƙwarai, sashenta na uku yana magana a kan Musulmi da girmamawa. Mu da muke kasuwa ɗaya da unguwa ɗaya da Musulmi, bai kamata mu rasa ta ba. A ƙara da Ecclesia in Africa, wadda aka sa wa hannu a Yawunde a 1995, a kan aikin bishara a nahiyarmu.

3. Magabata

Waliyyi Agustin ɗan Afirka ne. An haife shi a 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya zama bishop na Hippo, ya rasu a 430. Littafinsa Confessions labarin tubansa ne, ya rubuta shi kamar addu'a, yana koya wa mai hidima ya binciki zuciyarsa kafin ya binciki ta wasu. Birnin Allah kuwa ya fara shi ne bayan an washe Roma a 410, sa'ad da mutane suke tambaya ina Allah yake a lokacin masifa. Wanda yake kiwon jama'ar da aka ƙone wa majami'a ko aka kora daga gonakinsu zai sami abokin tunani a nan. Littafin yana da tsawo, a fara da kashi na ɗaya da na 19.

Don rayuwar ruhaniya akwai Koyi da Almasihu, wanda aka danganta ga Toma na Kempis a ƙarni na 15. Surorinsa gajeru ne, ɗaya ta isa kowace safiya. Summa ta Waliyyi Toma Akwinas kuwa a bar ta sai da malami.

4. Yadda ake gane littafin kirki

A duba bayan shafin farko. Nihil obstat yana nufin mai bincike bai sami abin da ya saɓa wa bangaskiya ko ɗabi'a ba. Imprimatur izinin bishop ne na bugawa. Waɗannan ba su nuna cewa bishop ya yarda da kowane ra'ayin marubucin, ba su kuma nuna cewa littafin ya ƙware. Dokar Ikkilisiya ta 1983 tana buƙatar izini ga fassarar Nassi, da littattafan sujada, da na katekisim. Jerin haramtattun littattafai da aka fara a 1559 an daina aiki da shi a 1966, saboda haka nauyin rarrabewa ya ƙaru a kan mai karatu. Mu yi wa kowane littafi tambayoyi uku: Wa ya rubuta shi? Yana bayyana aya cikin mahallinta? Yana kai mutum ga Almasihu, ko ga marubucin da aljihunsa?

Wannan ba ya hana mu karanta sharhin malaman wasu ikkilisiyoyi, ko tarihin ƙasarmu, ko labaran Hausa. Wanda bai san yadda mutanensa suke magana ba, wa'azinsa ba zai shige su ba.

5. Tsarin karatu

Mu keɓe rabin awa kowace rana, littafi ɗaya har ya ƙare. Mu riƙe littafin rubutu, bayan kowace sura mu rubuta ma'anarta da Hausa cikin jimla uku. Yawancin waɗannan littattafai da Turanci za a same su, abin da ba mu iya faɗa da Hausa ba kuwa ba mu gama fahimtarsa ba. Takardun majalisa da Katekisim suna nan kyauta a intanet. Masu hidima biyar na yanki ɗaya kuma suna iya sayen littafi ɗaya-ɗaya su riƙa musaya.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Idan kuɗinka ya isa littattafai uku kaɗai, waɗanne za ka saya, don me?
2. Yaya za ka bayyana wa sabon mai bi bambancin 66 da 73 ba tare da zagin kowa ba?
3. Wane littafi ne yake yawo a hannun jama'arka yanzu, ka kuwa karanta shi?