Atta Mills na Gana: Shugaban da Ya Ƙi Rama Zagi

A watan Mayun shekara ta 2010, 'yan sanda a birnin Kumasi suka kama wani ɗan jam'iyyar hamayya ta NPP, bayan da ya kwatanta shugaban ƙasar Gana da goggon biri a cikin wani shirin siyasa na gidan rediyo. Kafin maganar ta yi nisa sai ga saƙo daga fadar gwamnati ta Osu da ke birnin Akra, cewa shugaba John Evans Atta Mills ba ya bukatar a gurfanar da kowa gaban shari'a don an zage shi. Da yawa daga magoya bayansa ba su ji daɗin hakan ba, domin a ganinsu shugaban da ya bari aka taka shi yau, gobe ma za a ƙara.

A cikin shekaru 16 da ya yi a fagen siyasa, daga 1996 har zuwa rasuwarsa a 2012, babu irin ba'ar da ba a yi wa Atta Mills ba. An kira shi ɗan amshin shata, an kira shi mai tafiyar hawainiya, an ce idonsa ba ya gani, kai har labarin mutuwarsa an baza fiye da sau ɗaya alhali yana raye. Amma da wuya a tuna ranar da ya ɗaga murya ya rama. Wannan hali ne ya sa aka laƙaba masa sunan Asomdwehene, wato sarkin zaman lafiya a harshen Akan. Har yanzu kuma mutanen Gana ba su gama muhawara ba a kan ko haƙuri ne tsantsa, ko dabarar siyasa, ko kuwa sanyin jiki.

Ya kamata a san irin ƙasar da ya yi wannan haƙuri a cikinta. Tun daga tsakiyar shekarun 1990 gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara yawaita a Gana, sa'an nan a 2001 gwamnatin John Kufuor ta soke dokar da ta mai da ɓata suna laifin da ake ɗaure ɗan jarida a kansa. Ministan shari'ar da ya jagoranci soke dokar shi ne Nana Akufo-Addo, wanda daga baya ya zama abokin karawar Mills. Daga nan bakin jama'a ya buɗe. Kowace safiya, daga Akra zuwa Tamale, da Turanci da Twi da Dagbani da Hausa, akan tara wakilan jam'iyyu su yi ta musayar yawu, masu bugo waya kuma su ɗora nasu. Shugaban da ya ce sai ya amsa kowace magana, to ba zai sami lokacin yin wani aiki ba.

An haifi Mills a garin Tarkwa ranar 21 ga watan Yulin 1944. Ya yi karatu a makarantar Achimota da jami'ar Gana da ke Legon, sa'an nan ya wuce Landan inda ya sami digirin digirgir a fannin shari'a yana da shekara 27, kuma bincikensa a kan haraji ya yi shi. Ya shafe kusan shekara 25 yana koyarwa a Legon, daga 1988 zuwa 1996 kuma ya shugabanci hukumar tara haraji ta ƙasa. A ƙuruciyarsa ya buga wa Gana ƙwallon gora, wato hoki. Ayyukan nan biyu, koyarwa da karɓar haraji, duka makarantar danne zuciya ne. Malami kan saba da sauraron tambaya, ko da da gatse aka yi ta, ya tsamo abin da ke da amfani a ciki ya amsa, ya bar sauran. Mai karɓar haraji kuwa ya san tun farko ba ƙaunarsa za a yi ba. Da wannan guzuri ya shiga siyasa yana da shekara 52.

Wanda ya jawo shi cikinta shi ne Jerry Rawlings, mutumin da halinsa ya yi hannun riga da na Mills. A watan Disambar 1995 mataimakin Rawlings na lokacin, Kow Arkaah, ya fito ya yi zargin cewa shugaban ya kai masa duka a taron majalisar ministoci. Saboda haka da zaɓen 1996 ya zo, Rawlings ya nemi mataimakin da ba za su yi ka-ce-na-ce ba, ya kuwa same shi. A 1998, a garin Swedru, ya bayyana Mills a matsayin wanda yake so ya gaje shi. Wannan tagomashi shi ya zama wa Mills ƙarfen ƙafa, musamman bayan da ya ce in ya ci zaɓe zai riƙa tuntuɓar Rawlings dare da rana. 'Yan hamayya suka cafe maganar, suka ce ai wanda ya zaɓi Mills, Rawlings ya sake zaɓa.

Ya sha kaye a hannun Kufuor a zagaye na biyu na zaɓen 2000, inda ya sami kashi 43 cikin ɗari. Bai ɓata lokaci ba ya taya shi murna, kuma a karo na farko a tarihin Gana mulki ya tashi daga wata jam'iyya ya koma wata ta hanyar ƙuri'a. A 2004 ya sake faɗuwa. Da ya nemi tsayawa karo na uku, har a cikin jam'iyyarsa ta NDC akwai masu cewa hajarsa ba ta sayuwa. Ya yi musu kunnen uwar shegu, ya lashe zaɓen fid da gwani na watan Disambar 2006 da fiye da kashi 80 cikin ɗari, sa'an nan ya shiga bin kasuwanni da unguwanni gida gida yana gaisawa da jama'a. Wannan ma an yi masa dariya, aka ce rashin kuɗin taron gangami ne. A wannan tsakani ne aka baza cewa ya rasu a Afirka ta Kudu, inda ya je ganin likita.

Zaɓen 2008 shi ne ya nuna amfanin wannan hali ga ƙasa baki ɗaya. A zagayen farko Akufo-Addo ne a gaba da kashi 49, Mills na biye da kusan kashi 48. Zagaye na biyu ya yi kankankan ta yadda sai da aka jira ƙuri'ar mazaɓa guda, wato Tain, wadda aka kaɗa ranar 2 ga watan Janairun 2009. Kowane ɓangare na zargin ɗan'uwansa da maguɗi, matasa sun yi dafifi a ƙofar hukumar zaɓe, ga shi kuma shekara guda ke nan da rikicin zaɓen Kenya ya ci rayuka fiye da 1,000. Kalma ɗaya mai zafi daga bakin ɗan takara ta isa ta kunna wuta. Ba a ji ta daga bakin Mills ba, shi ma Akufo-Addo ya amince da sakamakon. Shugaban hukumar zaɓe Kwadwo Afari-Gyan ya bayyana Mills da kashi 50.23 cikin ɗari, ratar ƙuri'u kimanin 40,000.

Hawa mulki bai rage ba'ar ba. A wani jawabi da ya yi a 2009 harshensa ya karkace wajen faɗin kalmar Turanci ta tattalin arziki, ya ce "ecomini". Nan da nan matasa suka mai da ita sautin kiran wayar salula. Da aka ga yawan addu'o'in da ake yi a fadar gwamnati, da kuma kusancinsa da fasto T.B. Joshua na Legas, sai aka ce ya mai da fada sansanin addu'a. Amsar da ya bayar ita ce, da ma a ce Gana duka ta zama haka. Irin amsarsa ke nan: ya karɓi maganar da aka jefe shi da ita, ya juya ta a hankali, ya wuce, yana kiran jama'a 'yan'uwansa maza da mata.

To sai dai suka mafi ciwo daga cikin gida ta fito. Mutumin da aka ce zai zama ɗan amshin shatar Rawlings, da ya hau gado sai ya ƙi yin abin da Rawlings ya fi so, wato gaggauta gurfanar da jami'an gwamnatin Kufuor. Rawlings ya shiga caccakarsa a bainar jama'a, yana cewa gwamnati na jan ƙafa, yana kiran wasu na kusa da shugaban 'yan handama. Ekwow Spio-Garbrah, jigo a jam'iyyar, ya kwatanta ministocin da 'yan wasan benci da aka sa a fili aka bar gwanaye a waje. Matasan jam'iyya da suka ga romon mulki bai iso gare su ba suka riƙa ƙwace tashoshin mota da makewayin kasuwa. Mills bai taɓa fitowa ya yi sa-in-sa da Rawlings ba.

A nan ne ake gane cewa shirun nasa yana da lissafi a ciki. Rawlings ne ya kafa NDC, yana kuma da farin jini a jihar Volta da arewacin ƙasar da zangunan Akra da Kumasi, wuraren da jam'iyyar ke samun ƙuri'u masu yawa. Shugaban da ya ci zaɓe da ratar 40,000 ba shi da ƙuri'ar da zai yi asara wajen cacar baki. Duk ranar da ya rama, jaridu sun sami kanun labari na mako guda, jam'iyya kuma ta dare gida biyu. Sai ya jira ranar ƙidaya. A watan Yulin 2011, a babban taron jam'iyya a Sunyani, matar Rawlings, Nana Konadu, ta fito ta kara da shi wajen neman tikitin takara. Mills ya sami ƙuri'a 2,771, ita kuma 90.

Haka ya yi a watan Janairun 2011, sa'ilin da ƙungiyar ECOWAS ke barazanar amfani da ƙarfin soja don kawar da Laurent Gbagbo a Kwaddibuwa. Mills ya ce Gana ba za ta ba da soja ba, ya kuma kawo wata magana ta Fante, "dzi wo fie asem", ma'ana ka ji da abin da ke gidanka. An yi masa ca a ciki da wajen ƙasar, ana cewa ya yi wa ƙungiyar zagon ƙasa. Bai janye ba, bai kuma yi fushi ba. Hujjarsa ita ce ɗimbin 'yan Gana da ke zaune a maƙwabciyar tasu.

Amma haƙurin shugaba ba shi ne haƙurin gwamnati ba, kuma masu sukarsa suna da gaskiya a nan. Yayin da shi yake shiru, kakakinsa da wasu matasan mataimakan ministoci suna rama masa da kalmomin da suka fi na 'yan hamayya kaifi, bai kuwa tsawata musu yadda ya kamata ba. A watan Fabrairun 2010 an tsare wani ɗan NPP a ƙarƙashin tsohuwar dokar hana tayar da hankalin jama'a, saboda abin da ya faɗa a rediyo game da gobarar gidan Rawlings, har 'yan hamayya suka ƙaurace wa majalisar dokoki. Mafi muni ita ce badaƙalar sidi miliyan 51 da aka biya ɗan kasuwa Alfred Woyome da sunan diyya. Mills ya ce ba da saninsa aka biya ba, a watan Janairun 2012 kuma ya sallami ministan shari'a Martin Amidu, wanda ya fito yana fallasa lamarin. A 2014 kotun ƙoli ta ba da umarnin a mai da kuɗin. Natsuwar da ke da kyau a gaban mai zagi, a gaban mai ɗibar dukiyar jama'a sakaci ce, kuma wannan tabo bai goge ba duk da bunƙasar kusan kashi 14 cikin ɗari da tattalin arzikin ƙasar ya yi a 2011, bayan fara haƙar man fetur.

Magana ɗaya ce ya kasa yi wa kunnen uwar shegu, ita ce ta lafiyarsa. Muryarsa ta canja, jikinsa ya rame, kowa na gani, amma fadar gwamnati ta dage cewa lafiyarsa ƙalau. A watan Yunin 2012 aka sake baza cewa ya rasu. Ya kira 'yan jarida a filin jirgin sama na Akra ya nuna musu yana raye, ya ce zai je Amurka a duba lafiyarsa. Da ya dawo bayan kwana tara, sai ya ɗan yi sassarfa a gaban masu ɗaukar hoto don ya nuna da sauran ƙarfinsa. Mutumin da aka kira goggon biri ko a jikinsa, ga shi yana gudu a filin jirgi don ya rufe bakin masu jita-jita. Da yawa daga waɗanda suka kalli hoton tausayi ya kama su.

Ranar 24 ga watan Yulin 2012, kwana uku bayan cikarsa shekara 68, ya rasu a asibitin soja na 37 da ke Akra, ya zama shugaban Gana na farko da ya mutu a kan mulki. Rahotanni sun ce ya daɗe yana fama da ciwon daji na maƙogwaro, ɗan'uwansa Cadman Mills kuma ya ce shanyewar jiki ce ta zama ajalinsa. A daren ranar aka rantsar da mataimakinsa John Mahama a zauren majalisar dokoki, Akufo-Addo ya dakatar da yaƙin neman zaɓe. Rawlings kuwa, a wata hira da ya yi kafin a yi jana'iza, ya ce da an ba marigayin shawarar kirki da ya ƙara wasu watanni a duniya, maganar da ta fusata dangi da 'yan jam'iyya. An binne Mills ranar 10 ga watan Agusta, a wani fili da ke kusa da fadar Osu, wanda aka sauya wa suna ya koma Asomdwee.