Kwaɗo da Hanyoyinsa na Tsira

Da Bahaushe ya ce kwaɗo, ya gama. Sai fa in ya ga wani ƙato na fadama ya ce burduddugi. Amma masana halittu sun ƙidaya kwaɗi iri fiye da 7,000 a duniya, ba su kuwa gama ƙidaya ba tukuna. Babbansu yana kogunan Kamaru da Ikwatoriyal Gini, tsawonsa yakan kai santimita 32, nauyinsa ya wuce kilo 3. Wani kuwa da aka ba da labarinsa a 2012 daga Papuwa Niyu Gini, bai cika santimita ɗaya ba.

Abin da ya haɗa su duka shi ne fata. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, ta fatarsa yake sha, ta nan kuma yake samun wani kaso na numfashinsa. In ta bushe ya halaka. Saboda haka duk dabarun kwaɗi a kan tambaya ɗaya suke, watau yadda za a rayu sa'ad da ruwa ya yi wuya.

A ƙasashen da rani ke daɗewa, kamar ƙasar Hausa, ana mamakin inda kwaɗi kan tafi in tafki ya ƙafe. Amsa ita ce ba su tafi ko'ina ba. Waɗansu manyan kwaɗin Afirka sukan haƙa rami tun taɓo bai bushe ba, su shige. Can sai kwaɗo ya yi ta saɓa ba ya yar da tsohuwar fata, har ta taru ta zame masa kube mai tsare danshi, sai ƙofar hanci kaɗai a buɗe. Haka zai kwanta wata da watanni. Ran da ruwan farko ya ratsa ƙasa, sai ya farka ya fito, dare ya cika da kuka.

A Alaska kuwa sanyi ne ke ƙwace ruwa. Akwai wani kwaɗon daji da ke daskarewa da hunturu, zuciyarsa ta tsaya cik. Hantarsa ce ke zuba sukari cikin jini, ya hana ƙanƙara ɓata jiki. In ɗumi ya komo sai zuciya ta sake bugawa.

Sai dai fatar nan da ke raya kwaɗo ita ce kuma ƙofar ajalinsa. Gubar gona da wata cutar fata sun karkashe kwaɗi da yawa. A Ostireliya akwai wata irin kwaɗuwa mai haɗiye ƙwanta ta reni 'ya'ya a ciki, ta haife su ta baki. Tun 1985 ba a ƙara ganin irinta ba. Binciken duniya na 2023 ya nuna kashi 41 cikin ɗari na kwaɗi da danginsu suna fuskantar ƙarewa.

Kwaɗo ke cinye ƙwarin gona, shi kuma ya ciyar da maciji da shamuwa. Saboda haka in damina ta sauka tafki ya yi tsit, lalle manomi ya kamata ya fara tambaya.