Yankari da Halin da Yawon Buɗe Ido Yake Ciki

Yawon buɗe ido shi ne mutum ya bar garinsu ya tafi wani wuri domin ya huta, ya ga abubuwan ban sha'awa, ya kuma ƙaru da sani. Hausawa kan ce tafiya mabuɗin ilimi. Nijeriya tana da irin waɗannan wurare da yawa, kamar tsaunin Obudu a Jihar Kuros Riba da bikin kamun kifi na Argungu a Jihar Kebbi. A wannan darasi za mu duba gandun dajin Yankari, domin labarinsa ya yi kama da na sauran.

Yankari yana cikin Jihar Bauchi, kuma faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a shekarar 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962. Akwai giwaye da ɓauna da dorina da gwanki da birai a cikinsa. Akwai kuma maɓuɓɓugar Wikki, wadda ɗumin ruwanta ba ya sauyawa daga awo 31, ko da rani ko da damina. An fi ganin dabbobi da rani, lokacin da ciyawa ta bushe, su kuma suka taru a bakin kogin Gaji don shan ruwa.

Masu ziyara sun sauya. A da, ana yawan ganin Turawa a irin waɗannan wurare. Yanzu kuwa 'yan ƙasa ne suka fi yawa: iyalai a lokacin hutun Sallah da Kirsimeti, da ɗalibai tare da malamansu. Wayar hannu ma ta zama mai talla. Matashi zai ɗauki hoto a bakin Wikki ya sa a Instagram, abokansa su gani su yi sha'awar zuwa.

Babbar matsala ita ce tsaro. Ba wanda zai ɗauki iyalinsa ya bi hanyar da yake jin tsoronta, ko da wurin da za shi lafiya lau yake. Bikin Argungu kansa ya yi kimanin shekara goma ba a yi shi ba, sai a 2020 aka dawo da shi. Bayan tsaro akwai lalacewar hanyoyi, da ƙarancin wutar lantarki, da rashin gyaran ɗakunan baƙi.

Akwai wata matsalar da baƙo ba ya gani, kuma ita ce ta fi wuyar magani. Ƙauyuka sun kewaye Yankari. Makiyayi yana neman ciyawa, mafarauci yana neman nama, giwaye kuma sukan fita su cinye amfanin gonar da manomi ya yi wata da watanni yana wahala a kansa. Yaya za a ce wa wannan manomi ya so giwa, alhali kuɗin da baƙi suke biya ba ya isa gidansa?

A 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta fara aiki da gwamnatin Bauchi wajen sintiri a dajin, kuma kisan giwaye ya ragu ƙwarai. An ɗaura wa wasu giwaye na'ura a wuya mai nuna inda suke, domin ma'aikata su san lokacin da garke ya doshi gonaki.