Tuffa Ta Yi Tsadar Shiga Tukunya: Kasuwar Magarya Na Jiran Masu Jari a Nguru da Gashuwa

A kasuwannin Nguru da Gashuwa, manyan garuruwa biyu na arewacin Jihar Yobe, tuffa na daga cikin 'ya'yan itatuwan da ake sayarwa ƙwaya ɗai-ɗai, ba da kashi ko da mudu ba. Akasarin masu saye kan tafi da ita dubiya asibiti, ko su yi tsaraba da ita, ko kuma su tanade ta domin buɗa-baki a watan azumi. Matan da ke sana'ar kek da lemon gida don bukukuwa su ne 'yan ƙalilan da ke sa ta cikin girki, su ma ɗin sau da yawa sai wadda ta ƙuje ko ta fara laushi, wadda mai tebur ya karyar wa farashi.

Dalilin haka yana cikin doguwar tafiyar da take yi kafin ta iso. Tuffa itaciya ce ta ƙasashen sanyi, kuma yawancin ire-irenta na buƙatar ɗaruruwan sa'o'i na sanyin da bai wuce digiri 7 ba a ma'aunin Salshiyas kafin su yi fure sosai. A wannan yanki kuwa zafin watannin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, sanyin hunturu kuma ba ya daɗewa. Ɗan abin da ake nomawa a tsaunukan Jos da na Mambila bai taka kara ya karya ba, saboda haka mafi yawan tuffar da ake ci a Nijeriya daga waje ake shigowa da ita, musamman daga gonakin Ceres da Elgin na Afirka ta Kudu.

Daga can akan ɗauko ta a jiragen ruwa cikin kwantenoni masu sanyi zuwa tashoshin Ikko, manyan dillalai su rarraba ta, motoci su kawo ta kasuwar 'Yan Lemo da ke Kano, sannan ƙananan 'yan kasuwa su saro katan-katan su bi ta Haɗejiya zuwa Nguru da Gashuwa. Kowane hannu ta ratsa sai ya ɗora ribarsa da kuɗin mota. Bugu da ƙari, da dala ake biyan kuɗinta tun daga tushe. Lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin naira a watan Yunin 2023, dala tana kusan naira 460 a hukumance, amma zuwa watan Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Wannan faɗuwa kai tsaye ta bayyana a teburin mai kayan marmari.

Matsala ta biyu ita ce ta ajiya. Tuffa kan yi watanni a ɗakin sanyi, amma da zarar ta fito cikin zafin rana sai ta fara yaushi cikin 'yan kwanaki. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, ɗan kasuwa dole ya sa asarar da yake tsammani cikin farashin wadda ta rage. Uwargidan da ta saye ta domin dafawa kuma za ta fere ɓawo, ta cire tsakiya, wuta ta ƙone ruwan jikinta, abin da zai rage a tukunya bai kai kuɗin da ta kashe ba.

Sai dai kuma akwai wani ɗan itace da matan yankin suka daɗe suna sarrafawa a gida ba tare da an kashe ko kwabon kuɗin waje ba, wato magarya. Ana tsince ta a daji da kaka zuwa hunturu, a shanya, a daka a turmi, a tankaɗe a raba gari da ƙwallo. Da garin ne ake curin akuri, wanda kan yi watanni bai lalace ba, ana kuma dama shi a sha. Haka nan ake cin moriyar goruba da kurna da aduwa da tsamiya, waɗanda duk ake auna su da mudu a kasuwannin ƙauye. Ɗanyar magarya ta ninka tuffa sau da yawa wajen sinadarin bitamin C, itaciyar kuma tana jure fari da rairayi, ganyenta abincin awaki ne, ƙayarta kuma shinge.

Abin da ya kamata ya ja hankalin masu jari shi ne magarya mai aure. Kamar yadda ake wa mangwaro, akan yanko reshen irin ƙasar Indiya, kamar Gola da Seb da Umran, a aura shi a kan kututturen magaryar gida. 'Ya'yan da take bayarwa kan kai girman ƙwan kaza ƙarami, masu ƙarmas-ƙarmas da ɗanɗano mai kama da na tuffa, abin da ya sa a Jamhuriyar Nijar ake kiran ta tuffar Sahel. Cibiyar binciken aikin gona ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yaɗa wannan iri tun farkon shekarun 2000 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Dov Pasternak, musamman ga ƙungiyoyin mata masu farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Itaciyar kan fara 'ya'ya cikin shekara ɗaya zuwa biyu bayan auren. A Damagaram kuma, kamfanin Sahara Sahel Foods da aka kafa a 2014 yana sayen magarya da aduwa daga matan karkara, yana sarrafa su zuwa biskit da mai da sauran kayan ci cikin mazubi na zamani.

Arewacin Yobe ba ya rasa abin da wannan sana'a ke buƙata. Nguru ta zama cibiyar ciniki tun da layin dogo ya iso ta daga Kano a 1930, inda aka riƙa lodin gyaɗa da fatu da ƙaro. Fadamun Haɗejiya da Nguru na ciyar da dubban masunta da manoman rani, sai dai ambaliyar da suke dogara da ita ta ragu tun bayan gina madatsun ruwa na Tiga a 1974 da Chalawa a 1992, ciyawar kacalla kuma ta toshe magudanai da dama. A irin wannan hali, itaciyar da ba ta cin ruwa da yawa tana da daraja ga manomi. Ta fuskar ilimi kuwa akwai Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da aka kafa a 2013, da shirin raya yankin busasshiyar ƙasa na arewa maso gabas da ke Garin Alkali, ga kuma hukumar dasa ganuwar itatuwa ta ƙasa, wadda Yobe ke cikin jihohi 11 da take aiki a cikinsu. Kowannensu na iya koyar da aure da raino a gandun dashe.

Duk da haka, sana'ar na da nata ƙalubale. Ƙudan da ke huda 'ya'yan itace yana son magarya mai aure fiye da ta daji, kuma yana iya lalata amfanin gona idan ba a kula ba. Dole ne a killace dashe daga awaki, a kuma riƙa yi masa aski kowace shekara. Ɗanyen 'ya'yan ba sa wuce 'yan kwanaki bayan tsinka, saboda haka duk mai son shiga harkar sai ya tanadi wurin shanya mai tsafta, da injin niƙa, da leda mai ɗauke da sunan kaya, da rajistar hukumar NAFDAC idan yana son shiga manyan kantunan Kano da Maiduguri.

Masu hali za su ci gaba da sayen tuffar Afirka ta Kudu domin dubiya da tsaraba, kuma mai tebur zai ci gaba da samun ribarsa a kai. Amma kasuwar masu kek da lemo da iyaye mata masu neman abin da za su sarrafa wa yara da rahusa ta fi wannan faɗi, kuma har yanzu da mudu ake auna kayanta a ƙasa. Ɗan kasuwar da ya fara haɗa matan da ke tsintar magarya da masu aurenta da injin niƙa, shi zai riga kowa cin wannan kasuwa.