Tashen Tarayya: Waiwaye Daga Ƙasar Kurfai

Shirinmu na musamman yau zai waiwayi yadda jam'iyyar da 'yan boko ƙalilan suka kafa ta yi tashe har ta riƙe ragamar Nijar.

Ranar 23 ga Disamba 1990 aka haifi PNDS-Tarayya, ana gab da babban taron ƙasa na 1991. Cikin iyayenta akwai Mahamadu Isufu, injiniyan ma'adinai ɗan Dandaji ta jihar Tawa, da Bazum Mohamed, malamin falsafa kuma ɗan ƙungiyar ƙwadago. Aƙidarsu gurguzu ce mai sassauci: a bar kasuwa ta ci, amma gwamnati ta tsaya wa talaka kan makaranta, asibiti da ruwan sha.

Irin wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnen Kurfayawa, mutanen ƙasar Filinge. Tun 1925, zamanin mulkin mallakar Faransa, wata baiwar Allah mai suna Shibo ta ja ayarin 'yan borin Babule a ƙasar Kurfai, talakawa suka juya wa Nasara da sarautar da ya ɗaure wa gindi baya. Daga baya jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari ta zo da kiran 'yanci, ta ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, aka haramta ta a 1959. Ke nan talakan Kurfai ya daɗe yana tambayar mai mulki: me ka yi mini?

Sai dai Tarayya ba ta sami gari a buɗe ba. Cibiyarta Tawa ce, jihar Tillaberi kuwa, inda Kurfai take, ta fi karkata ga jam'iyyar MNSD-Nasara. Isufu ya tsaya takara a 1993 ya zo na uku, ya riƙe muƙamin firaminista daga wannan shekara zuwa 1994. Ya sake tsayawa a 1996, da 1999, da 2004, duk bai kai labari ba. Sau biyu Tanja Mamadu na MNSD yana kayar da shi a zagaye na biyu.

Jama'a, a nan darasin yake. Jam'iyyu da dama faɗuwa ɗaya ke tarwatsa su, kowa ya kama gabansa. 'Yan Tarayya masu tuta ruwan hoda kuwa sun zauna adawa shekara da shekaru ba tare da shugabanninsu sun watse ba, suna ƙulla ƙawance, suna bin kasuwa-kasuwa. Mai haƙuri shi ke dafa dutse. A Maris 2011 Isufu ya doke Saini Umaru na MNSD da kusan kashi 58 cikin ɗari, aka sake zaɓensa a 2016, sannan a Afrilu 2021 ya miƙa mulki ga Bazum. Karo na farko ke nan a tarihin Nijar da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe.

Hawa daban, sauke nauyi daban. An zo da shirin 3N domin 'yan Nijar su ciyar da kansu, an yi hanyoyi da ajujuwa. Amma a shekarun nan ne kuma rashin tsaro ya addabi arewacinmu, manoma suka bar gonaki, makiyaya suka rasa dabbobi. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓi mulki, a Maris 2025 kuma aka rusa jam'iyyun siyasa baki ɗaya.

Tuta takan sauka, amma tambayar Kurfai tana nan. Duk wanda zai zo gobe da sunan talaka, mu auna shi da rumbun hatsi, da rijiyar da ba ta ƙafewa, da ɗan makarantar da ya je ya dawo lafiya.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka.