A Tura Jika Ya Tambayi Tsoho

A ƙauyukan Bichi, Dambatta da Makoɗa har yanzu akwai ragowar mazan jiya. Suna samari suka shiga soja lokacin Yaƙin Basasa, wanda aka fara a Yulin 1967 aka gama a Janairun 1970. Kafin yaƙin sojan Najeriya wajen dubu 10 ne, a ƙarshensa sun kai kusan dubu 250, da yawansu 'ya'yan manoma ne da aka yi wa horon gaggawa. Waɗanda suka faɗa runduna ta biyu ta Murtala Muhammed sun ga yunƙurin ƙetare kogin Kwara zuwa Anaca a Oktoban 1967, inda jiragen ruwa suka nutse da mutane. A watan ne kuma aka kashe fararen hula a Asaba.

Suka dawo, suka ɗauki fartanya, suka ja bakinsu. Iyali dai sun san Baba yana zabura cikin barci, ƙarar bindigar hawan salla tana gigita shi, wani lokaci faɗa ba dalili. Sai a ce zafin rai ne, ko iska. Likitocin ƙwaƙwalwa, irin na asibitin Dawanau, sun san ciwon: firgici ne da yakan zauna wa mutum shekara hamsin.

Ya kamata a naɗi labarinsu tun suna raye, ga shi yau kusan kowane gida da wayar da ke naɗar murya. Matsalar ita ce wa zai yi tambayar. Ɗa ba ya titsiye mahaifinsa, balle ɗan fari da kunya ta shiga tsakaninsu. A ganina aikin jika ne. Wasan jika da kaka ya ba shi bakin cewa, "Tsoho, ashe kai ma ka taɓa gudu?" a yi dariya, magana ta ɓalle.

Kada a fara da gawa. A fara da jirgin ƙasan da ya kwashe su daga Kano, da albashin farko, da sunan aminin da suke cin abinci tare. In ya yi shiru, a kashe waya, wata la'asar ɗin a koma. Uwargida ma a naɗi muryarta, don ita ta sha dararen. Muryar kuwa amana ce, ba ta hawa Facebook sai da yardarsa. In aka ga tonon ya hana shi barci, a dakata, a kai shi wajen likita.