Saye Ne Ko Haya? A Faɗa Wa Mai Ciniki Gaskiya

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in ja hankalin 'yan'uwana manoma da 'yan tireda game da wani irin cinikin zamani, wanda za ka biya kuɗinka lakadan amma kayan suna hannun mai sayarwa.

An yi wani kamfani a Amurka mai suna Funimation, mai sayar da fina-finan katun na ƙasar Japan da ake kira anime, irin su Dragon Ball Z. In mutum ya sayi faifansu, sau da yawa akwai wata lamba a cikin kwalin. Da ka shigar da ita a shafinsu na intanet, sai a ajiye maka fim ɗin a can, ka riƙa kallo a waya duk sanda ka ga dama.

To, kamfanin Sony, wanda Funimation ke hannunsa tun 2017, ya sayi abokin gasarsa Crunchyroll a 2021 kan kuɗi sama da dala biliyan 1. Aka haɗe su wuri guda. Ranar 2 ga Afrilu, 2024 aka rufe shafin Funimation, Crunchyroll kuma ya ce shi bai karɓi waccan ajiya ba. Wanda faifansa ke cikin akwati ya tsira. Wanda ya dogara da na intanet kawai, ya wayi gari babu abin kallo.

Jama'a, mu a ƙauye mun san bambancin gonar saye, da ta haya, da ta jingina, da ta aro. Kowacce da sunanta, kuma gaban shaidu ake faɗa. In na sayar maka da tiyar gero, ba ni da ikon biyo ka gida in kwashe don na haɗa shago da maƙwabcina. Amma a intanet sai a rubuta maka "saya", alhali izinin kallo kurum aka ba ka, sharuɗɗan kuma an cusa su cikin dogon rubutun da ba mai karantawa. Shi ya sa jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a 2024, cewa dole mai sayarwa ya bayyana ƙarara in izini ne kawai yake bayarwa.

Kada wani ya ce ai can ne. Yaranmu ma yanzu suna biyan kuɗin fim da waƙa da littafi ta waya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kafin ka biya, ka tambaya: zan iya sauke shi a katin wayata, ya buɗe ko babu intanet, ko da kamfanin ya rufe? In an ce a'a, to haya ce, ka biya kuɗin haya. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ina kira ga hukumomin kare haƙƙin masu saye da su sa ido tun da wuri. Allah Ya sa mu dace, amin.

Wassalam.
Naka, wani manomi ɗan tireda.